Dutsen Zagami da Mayen Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kwana a waje da rani a Wagini, ko a wani ƙauye na gefen dajin Rugu, ya san yadda sararin sama ke zama in dare ya raba, babu hadari babu farin wata. Kana kwance bisa tabarma sai ka ga wani haske ya keto sama kamar an jefa bakin wuta, kafin ka ce wa na kusa da kai ya duba har ya ɓace. Mu kan ce tauraro ya faɗi, alhali kuwa taurari suna nan a wurarensu, ko ɗaya bai ragu ba. Abin da ka gani 'yar tsakuwa ce, sau da yawa ba ta fi ƙwayar dawa ba, wadda ta shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniyarmu da gudu mai tsanani, ta ƙone ƙurmus tun tana can sama. Mafi sanyin gudun irin waɗannan shi ne mil 7 a sakan guda, watau tafiyar Katsina zuwa Kano ba za ta ci musu sakan 20 ba. Amma wani lokaci a kan sami babba wanda wuta ba ta gama cinye shi ba, har ya iso ƙasa da sauransa. Shi ne za mu riƙa kira dutsen sama. Kada a haɗa shi da gatarin aradu da a kan tsinta a gona bayan ruwa. Wancan aikin hannun mutanen farko ne, waɗanda suka wasa dutse suna sara da shi tun ba su san ƙira ba, ruwa ne kawai ke tono shi.

Tun da labari ya bazu cewa duwatsun sama suna da tsada, mutane da yawa daga Sahara har zuwa ƙasashenmu sun koyi dabara guda ta gwada su. In an tsinci baƙin dutse mai nauyi, sai a ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika a manna masa. In ya kama a ce na sama ne, in bai kama ba a jefar. Dabarar nan tana da asali, za mu kuwa faɗi asalinta. Sai dai da ita aka bi, da an jefar da dutsen da ya fi kowane daraja cikin waɗanda suka taɓa faɗowa a ƙasar Katsina.

Ga yadda labarinsa ya ke. Ran 3 ga watan Oktoba, 1962, kwana biyu bayan bikin cikar Nijeriya shekara biyu da samun mulkin kai, ana gobe za a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a zamanin Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da dutsen Zagami yana korar hankaki daga hatsi. Zagami tana ƙasar Faskari ce, kudu da Wagini. Sai ya ji wata ƙara mai firgitarwa, iska ta buge shi, ya ga hayaƙi ya tashi, sa'an nan ya ji wani abu ya faɗi tim, tsakaninsu bai fi ƙafa 10 ba. Tsoro ya hana shi matsawa nan da nan, ya dakata tukuna ko abin zai sake fashewa. Da ya ga shiru ya je ya leƙa, ya tarar da rami mai zurfin ƙafa 2, da baƙin dutse kwance a ciki. Aka sanar da hukuma, aka tono shi, aka auna aka sami laba 40, watau kilo 18. Daga nan aka kai shi Kaduna wurin ma'aikatar binciken ƙasa da duwatsu, aka ajiye a ɗakin adana kayansu. Ran nan ba wanda ya san daga inda ya fito, sai da aka yi shekara 30 da wani abu kāna aka sami tabbatacciyar shaida.

Kafin mu kai ga wannan, sai mu san abin da ya haɗa mayen ƙarfe da duwatsun sama. Mayen ƙarfe, wanda malamai ke kira maganaɗisu, an san shi tun zamanin Yunanawa, don sun sami wani baƙin dutse mai fisgar ƙarfe. Mutanen Sin suka gano cewa in an goga allura a jikinsa aka rataye ta, sai ta juya ta tsaya tsakanin kudu da arewa, wani malaminsu Shen Kuo ya rubuta haka wajen 1088. A 1600 wani likita na Ingila, William Gilbert, ya bayyana dalili, ya ce duniyar nan ita kanta babban mayen ƙarfe ce. Ba kowane ƙarfe ya ke kamawa ba. Kai shi kusa da azurfa, ko zinariya, ko jan ƙarfe, ko sanholo, ba ruwansa da su. Abincinsa baƙin ƙarfe, da wani farin ƙarfe mai suna nikel, irin wanda aka gauraya aka buga anini da farin kwabo mai huji na zamanin Turawa, da waɗansu kaɗan.

To, tambayi kowane maƙeri, zai gaya maka ba a haƙo baƙin ƙarfe tsantsa daga ƙasa, sai tama. Ita kuwa tama ƙarfe ce da iska da ruwa suka riga suka cinye, 'yar'uwar tsatsa ce, shi ya sa kakanninmu su kan tara gawayi su kwana suna zuga kafin ƙarfe ya rabu da ita. A can sararin da duwatsun nan ke yawo babu iska babu ruwan sama. Galibinsu ɓaraguzai ne na waɗansu manyan duwatsu da ke kewaya rana tsakanin Mirrihi da Mushtari, shekarunsu sun kai miliyan 4,500 da ɗoriya, ƙarfen da ke cikinsu kuwa yana nan fes, gauraye da nikel, bai taɓa yin tsatsa ba. Shi mayen ƙarfe ke ji ya manne. A lura, dutsen sama ja a ke jansa, shi kansa ba ya ɗaukar allura ko ƙusa.

Mutanen dā sun ci moriyar wannan ƙarfe tun ba su iya narka tama ba. A kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar an sami wata wuƙa a 1925, da aka auna ruwanta a 2016 aka tarar nikel ya kai wajen kashi 11 cikin 100, alamar daga sama ƙarfen ya zo. A Namibiya akwai wani da a ke kira Hoba, wanda wani manomi ya ci karo da shi a 1920, nauyinsa wajen ton 60, har yau yana inda ya faɗi don ba a taɓa ɗaga shi ba. Duk da haka masanan Turai sun daɗe suna ƙaryata cewa dutse na iya faɗowa daga sama, suna ɗaukar maganar tatsuniyar ƙauyawa ce. A 1794 wani Bajamushe, Ernst Chladni, ya buga littafi ya ce ƙauyawan ne ke da gaskiya, aka yi masa dariya. A 1802 Edward Howard na Ingila ya narka gutsattsarin duwatsun da aka ce sun faɗo a ƙasashe dabam dabam, ya sami nikel a cikinsu duka. Gardama ba ta mutu ba sai ran 26 ga Afrilu, 1803, sa'ad da duwatsu wajen 3,000 suka zubo da rana tsaka a garin L'Aigle na Faransa, gaban idon jama'a. Aka aiki wani saurayin masani, Biot, ya bi gida gida yana tambaya, ya komo da shaidar da ba ta musuwa. Gani ya kori ji.

Amma ba duka ne ƙarfensu ya zo daidai ba, ba ma sai mun fita Nijeriya neman misali ba. Wanda ya faɗo kusa da tashar jirgin ƙasa ta Udei, arewa da Makurɗi, a 1927, mai kilo 103, galibinsa ƙarfe ne, mayen ƙarfe zai manne masa sai da ƙarfi za a ɓamɓare. Irinsa ba su fi 5 cikin 100 na masu faɗowa ba. Na Gujba, wanda ya faɗo ran 3 ga Afrilu, 1984, a ƙasar da ta ke cikin Jihar Yobe yanzu, wajen kilo 100 ne, mutanen wurin suka farfasa shi suka rarraba. In an yanka shi sai ka ga dunƙule-dunƙulen ƙarfe masu ƙyalli jere cikin dutse kamar gujjiya cikin alewa. Mafi yawan masu faɗowa kuwa dutse ne zalla a ido, sai an goge gefe a ga ɗigo-ɗigon ƙarfe kamar an barbaɗa. Cikinsu akwai masu ƙarfe da yawa, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na nauyinsu, kamar na Kabo a ƙasar Gwarzo, wanda ya faɗo a Afrilun 1971. Akwai kuma masu kaɗan, kashi 2 ko 3, kamar na Kilabo ta wajen Haɗeja a 2002, wanda jan da za ka ji a hannu bai taka kara ya karya ba. Da ya ke fiye da 8 cikin 10 na duwatsun sama masu ɗigon ƙarfen nan ne, ka ga dalilin da ya sa gwajin mayen ƙarfe ya yi suna. Sau da yawa ya kan faɗi gaskiya.

Saura kuma su ne waɗanda ya ke yi wa ƙarya, na Zagami na cikinsu. Dubi mace mai rege gero a ƙwarya, tsakuwa ta kan kwanta ƙasa, gero ya taso sama. Haka abin ya ke ga kowace babbar duniya da ta taɓa narkewa saboda zafi a farkon halittarta, ƙarfe mai nauyi ya nutse can tsakiya, dutse mara nauyi ya taso ya zama ɓawo. Saboda haka abin da ya ɓalle daga ɓawon irin wannan duniya ba a samun ƙarfe tsantsa a cikinsa. Dutsen Zagami, in ka wuce baƙar fatarsa, toka-toka ne, irin narkakken dutsen da duwatsu masu aman wuta ke fitarwa ya daskare. Abin da ke cikinsa mai jin mayen ƙarfe 'yan ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai. Ka manna masa na lasifika, da ƙyar za ka ji wani abu.

Shekarunsa ne suka fara ɗaure wa masana kai. Da aka auna, sai aka ga ya daskare wajen shekara miliyan 180 da suka wuce, watau jariri ne in an gwada shi da sauran. Ƙananan duwatsun da ke tsakanin Mirrihi da Mushtari kuwa sun huce tun tuni, ba su da sauran wutar da za su narka wani abu a wannan lokaci. Lalle sai babbar duniya. A 1976 Amurka ta saukar da kumbo biyu masu suna Viking a kan Mirrihi, jar tauraruwar nan da Turawa ke kira Mas, suka auna irin iskar da ke can. A 1983 aka sami iska iri ɗaya da ita a kulle cikin wani dutse da aka tsinto a ƙanƙarar ƙarshen duniya ta kudu. A 1995 kuma aka sami irinta cikin 'yan ɗigon gilashin da ke jikin na Zagami. Bayanin da aka tsaya a kai shi ne, wajen shekara miliyan 3 da suka wuce wani ƙaton dutse ya rabka wa Mirrihi, ƙarfin bugun ya narka wani sashi ya kulle iskar wurin a ciki, ya kuma cilla ɓaraguzai sama har suka kuɓuce mata. Ɗaya daga ciki ya yi ta kewaya rana duk tsawon wannan zamani, ya zo ya ƙare tafiyarsa a gonar hatsi a ƙasar Faskari. Sau biyar kaɗai aka taɓa ganin faɗowar dutsen Mirrihi da ido aka kuma tsince shi: a Faransa a 1815, a Indiya a 1865, a Masar a 1911, a Zagami a 1962, sai Maroko a 2011. A 1988 wani Ba'amurke mai fataucin irin duwatsun nan, Robert Haag, ya yi musaya ya sami babban yanki, daga nan gutsattsarinsa suka watsu cikin jami'o'i da gidajen tarihi na duniya.

Wannan kuskure ɗaya ke nan, a ƙi na gaske. Na biyu shi ne a karɓi na banza, shi ya fi yawa ma. Ƙasar Batsari da Safana ƙasar duwatsu ce, cikin irin waɗannan duwatsu kuwa akwai baƙaƙen ƙwayoyin wata tama mai jin mayen ƙarfe. Ja shi cikin yashin rafi bayan ruwa, za ka ga ya fito da baƙin gari kamar gemu. A tsofaffin kufai kuma, inda aka taɓa narka tama, kashin maƙera na nan birjik, baƙi, mai nauyi, da alamar wuta a jikinsa, wani ma ya kan kama mayen ƙarfe sosai. Wanda bai sani ba zai rantse daga sama ya zo. Kama da wane ba ta wane. Kashin maƙera yana da ƙofofi kamar saƙar zuma, dutsen sama kuwa a cure ya ke. Sabon faɗowa yana da baƙar fata siririya, kaurinta bai fi na farce ba, cikinsa kuma ya fi bayansa haske, wani lokaci da 'yan lotsa-lotsa kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu.

Akwai kuma ɓarna ta uku, wadda ba a ankara da girmanta ba sai kwanan nan, a ganina kuwa ta fi sauran ciwo, domin ba ta gyaruwa. In maƙeri ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya wuce digiri 770 a ma'aunin zafi, mayen ƙarfe ba ya kama shi, sai ya fara hucewa. To, a daidai lokacin hucewar nan, 'yan ƙwayoyin da ke cikin ƙarfe ko dutse su kan juya su fuskanci duk wani ƙarfin maganaɗisu da ke wurin, kamar allurar mutanen Sin, sa'an nan su daskare a haka. Kamar sawun raƙumi ne a taɓo, in taɓon ya bushe sawun na nan ko bayan ayari ya daɗe da wucewa. Masana suna da na'urorin karanta wannan sawu, su gane irin ƙarfin maganaɗisun da ke wurin da dutsen ya huce, ko da shekara miliyan dubu ne baya.

Abin da ya sa wannan ya dame su ga shi. Ƙarfin maganaɗisun duniyarmu yana fitowa ne daga narkakken ƙarfen da ke motsi a tsakiyarta, shi ke kare mu daga wata iska mai cutarwa da ke busowa daga rana. Mirrihi ba ta da irin wannan garkuwa yanzu. A watan Nuwamba, 1996, aka harba wani kumbo mai suna Mars Global Surveyor, aka maƙala masa ɗan mitsitsin gutsuren dutsen Zagami, watau baƙo ya kama hanyar gida. Kumbon nan ne ya gano cewa tsofaffin duwatsun Mirrihi suna ɗauke da sawun maganaɗisu mai ƙarfi, alamar dā tana da garkuwa irin tamu, ta rasa ta wajen shekara miliyan 4,000 da suka wuce. Yau ga ta hamada mai sanyi, bayan dā ruwa na gudu a kanta. An daina jin kumbon a Nuwamban 2006, ya ci gaba da kewaya Mirrihi da gutsuren Zagami a jikinsa.

Na Zagami ya yi ƙuruciya da ya ba da labarin wancan zamani. Amma a 2011 an tsinci wani baƙin dutsen Mirrihi a Saharar Maroko, mai ɗauke da ɓaraguzai masu shekara miliyan 4,400, waɗanda suka huce tun garkuwar na nan. Masana suka yi murna, suka ɗauka sun sami mai shaida. A 2023 waɗansu masana na jami'ar MIT ta Amurka da na birnin Faris suka buga sakamakon awonsu. Duk gutsattsarin da suka auna, an riga an manna musu mayen ƙarfe a hannun masu tsinta da dillalai, sawun asali ya goge, sai na mayen ƙarfen ya maye gurbinsa. Sun kuma gwada da dutsen duniyarmu, suka nuna taɓawa guda ta isa. Ƙananan mayun ƙarfe masu ƙyalli da aka ƙirƙiro wajen 1984, waɗanda su ke ko'ina yanzu cikin kayan lantarki, su suka fi ɓarna, don ƙarfinsu ya ninka na dā. Rubutun da ya tsira shekara miliyan 4,400, ya tsira daga bugun da ya cillo shi da wutar da ya ratsa, yatsa biyu suka share shi cikin ƙiftawar ido, mai sharewar kuwa bai ma san akwai rubutu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen na nesa ne. A watan Nuwamba, 2023, an tsinci wani dutsen Mirrihi a yankin Agadas, ɗan'uwan na Zagami ta wajen iri, nauyinsa ya kusa kilo 25, shi ne mafi girma da a ke da shi. Ran 16 ga Yuli, 2025, aka yi gwanjonsa a birnin New York na Amurka, aka saya dala miliyan 5 da dubu 300. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita ƙasar, ta kuma ba da umurnin dakatar da fitar da irin duwatsun nan. Inda kuɗi irin wannan ya gitta, masu yawo da mayen ƙarfe a aljihu ƙaruwa za su yi.

Saboda haka, a ce wata rana ka ji ƙara a sama kamar aradu babu hadari, ka tarar da baƙin dutse cikin sabon rami a gonarka ta Wagini ko Runka ko Ruma, ga abin da ya kamata. Kada ka wanke shi, kada ka shafa masa mai, kada ka farfasa shi kamar yadda aka yi wa na Gujba. In ka matsu sai ka gwada, nemi ɗan ɓallin da ya riga ya fita daga jikinsa, ka gwada wannan shi kaɗai can nesa da uwar, ka ware shi dabam. In kana da kamfas, matso da dutsen kusa da allurar a hankali, in mai ƙarfe ne za ka ga ta karkata, ƙarfin allura kuwa bai kai na mayen lasifika ba ko kusa. In ba ta motsa ba kada ka yar, tuna da na Zagami. Naɗe shi cikin tsabtataccen ƙyalle ka ajiye inda babu laima, ka sanar da mai gari, a kai labari ga hukumar binciken ƙasa ta Nijeriya ko sashen ilmin duwatsu na jami'a, kamar na Zariya. Tun da kuwa ka iya rubutu, ɗauki takarda tun abin bai shige maka ba, ka rubuta rana da wata da lokaci, da gabar da hasken ya fito, da zurfin ramin, da sunayen waɗanda suka gani tare da kai.